Bikin da Aka Yi Cikin Sanƙarau

Shekaranjiya motar masu rigakafi ta ratsa ta ƙofar gidanmu, lasifikarta na ta shela a fito da yara a yi musu allurar sanƙarau tun kafin zafi ya kankama. Ina zaune a soro ina tsince wake, sai na ji wani matashi cikin masu zaman majalisa yana cewa, "Waɗannan dai ba sa gajiya. Kullum cuta, kullum cuta. Su ƙyale mutane su nemi abinci mana." Sauran suka kwashe da dariya. Na ajiye faifan, na leƙa na kalle su ɗaya bayan ɗaya. Duk na san iyayensu, na san kakanninsu, har na san waɗanda da sun zama gwaggonninsu da an bar su sun girma. Na koma kan wakena. Amma tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi, shi ya sa na ce gara na faɗi abin da na sani kafin a ɗauke ni a kan makara, a shafe zancen gaba ɗaya.

Yaran yanzu sun san ƙanwata Rabi a matsayin Gwaggo Kurma, mai magana da ƙarfi kamar tana kiran wanda ke ƙetaren rafi. Wasu har kwaikwayonta suke yi a bayan idonta. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu cewa ba haka aka haife ta ba.

Ƙauyenmu yana can gefen Gude, a kan hanyar da ke ɓullewa Getso. Mahaifinmu malami ne, yana da makarantar allo a zauren gidanmu, gonarsa kuma ba ta fi ta kowa ba. Lokacin da nake budurwa, da kunne kaɗai mutum zai gane ko wane lokaci ake ciki. Da sassafe karatun yara ne, kowa da inda ya kai, ga muryar Baba tana ratsawa tana gyara wa wani. Da hantsi luguden daka ne daga gida zuwa gida, har kana iya gane taɓaryar wance da ta wance. Ranar Laraba, ranar kasuwarmu, tun daga nesa za ka ji kukan amalanke da na awaki da muryar masu nono. Yanzu injin niƙa ne da babura da waya a kunnen kowa, gari ya cika da ƙara amma ba ka jin mutane. A cikin duk muryoyin nan na da, ta Rabi ce ta fi fita. Shekararta goma sha huɗu, ni na girme ta da uku. In tana karatu, matan maƙwabta kan sassauta daka don su saurara. Baba ba ya yabon yaro a gabansa, amma na sha ganin ya runtse ido yana gyaɗa kai in ta ja aya.

Shekarun nan ne ake kira ostiriti. Mu dai ba mu san ma'anar kalmar ba, mun san sabulu ya ɓace, kananzir ya zama abin roƙo a kwalbar magani, shinkafa kuwa sai a labari. Inna ta koma wanki da sabulun salo, shayi ya zama na marar lafiya kaɗai. Mutane sun riga sun jigata, sai ga bazara ta zo da wani zafi da ko tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Cikin zafin nan sanƙarau ya shigo. Yaro zai tashi lafiya da safe, da azahar ya ce kansa, kafin wata safiyar wuyansa ya sandare ya karkata baya, idanu sun kafe. Ana shafa wa yara man shanu a hanci, ana rataya musu tafarnuwa, ana shan rubutu, amma masu haƙan kabari ba su huta ba. Sai wani malamin asibiti ya zo a kan babur, ya zauna da dagaci, aka sa sanƙira ya zaga gari yana shela: an dakatar da kasuwa, an hana biki da suna na taro, an hana dandali, kowa ya riƙa kwana a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, kada a cunkushe a ɗaki. Baba ne ya fara sallamar ɗalibansa. Ya jingine alluna a bango, ya ce, "Karatu zai jira ku. Ku je ku rayu tukuna."

Sati biyu aka yi ana bin doka. A na uku mutuwar ta ɗan lafa, kwana biyar ba a fita da gawa ba. Shi ke nan sai gari ya fara motsi kamar an kwance akuya daga turke. Ko'ina ka juya zancen ɗaya ne: ai ta wuce, ai ta yi arewa, ai Allah ya yaye. Ina so a fahimce ni a nan. Ba na jin haushin mai kitso da mai ƙosai da ɗan dako, waɗanda in ba su fita ba tukunyarsu ba za ta hau wuta ba. Yunwa gaskiya ce, na gan ta da idona. Amma ba su ne suka tayar da maganar ba. Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya su ne masu rumbu cike, waɗanda abin da ke damunsu kawai zaman gida ya ishe su, ko kuma hatsin da suka ɓoye ya yi tsada suna so su fitar kafin ya sauka.

Shugabansu Alhaji Mamuda ne, dillalin hatsi, shi kaɗai ke da mota a ƙauyen, wata a-kori-kura mai ruwan ƙasa. 'Yarsa Asabe ƙawata ce tun muna wasan 'yar tsana, an kuma sa ranar bikinta da wani saurayi da take mutuwar so tun kafin cutar ta zo. Alhaji ya riga ya samo buhunan shinkafa daga birni a lokacin da ba mai ganin ta, ya gayyaci mutane daga Kabo har Kano. Ɗage bikin nan a wurinsa kamar a tuɓe masa rawani ne a bainar jama'a.

Aka taru a ƙofar gidan dagaci da hantsi. Rijiyar da muke ɗiban ruwa tana kusa, don haka da kunnena na ji, ba labari aka ba ni ba. Baba ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, malamin asibitin nan ya ce cutar takan yi kamar ta tafi ta dawo. Ya ce a daure har ruwan farko ya sauka. Saura kaɗan. Kuma addininmu ma bai yarda a shiga garin da annoba take ba, ko a fita daga cikinsa. Yanzu za mu kira mutanen ƙauyuka goma su zo su cakuɗa da mu?"

Alhaji Mamuda ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Allah gafarta Malam, ni na ɗauka kai za ka koya mana tawakkali, sai ga shi mu za mu koya maka. Wanda kwanansa ya ƙare ko a cikin tulu ka sa shi ka rufe sai ya tafi. Ko kana nufin ɗan asibiti mai wando ya fi Allah sani?"

"Ban ce haka ba, Alhaji."

"To me ka ce? Mu zauna kamar mata masu takaba har yaushe? Kai an kawo maka sadaka ka ci. Mu fa?"

Aka yi dariya. Wannan dariyar ce har yau ban yafe ba. Mutanen da Baba ya raɗa wa 'ya'yansu suna, ya sallaci iyayensu, su ne suka tsaya suna ƙyaƙyatawa. Wani daga baya ya ce, "Malam tsoro yake ji!" Baba ya ɗauki takalmansa ya tafi gida. Dagaci ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, can ya ce to a buɗe kasuwa, amma a yi a hankali. Kamar ana iya cin kasuwa a hankali.

Yanzu zan zo kan nawa laifin, don ban zauna nan don in wanke kaina ba. Ni ma na ƙosa. Sati uku ban ga ƙawayena ba, zanen ankon da Inna ta sha wahala ta saya mini yana ninke a ƙasan adaka, kullum sai na ɗauko na shinshina na mayar. Da na ji an ce biki na nan, zuciyata tsalle ta yi, ko kunyar abin da aka yi wa Baba bai hana ni murna ba. Ya tara mu ya ce ba mai taka gidan bikin nan daga gidansa. Ranar zaman lalle aka zo aka kira shi jana'iza a wani ƙauye. Yana fita na durƙusa gaban Inna ina magiya. Ita ma kiɗan ƙwaryar da ke tashi daga gidan Alhaji ya shige ta, na ga ƙafarta na motsi. Ta ce, "Ba za ki je ke kaɗai ba. Ki tafi da Rabi, ku dawo kafin la'asar."

Rabi tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Baba ya hana."

Na ce, "Haba Rabi, leƙawa kawai za mu yi. In ba ki je ba ni ma ba zan je ba, kuma Asabe ba za ta ƙara yi mini magana ba." Na yi ta lallashi har ta karkaɗe hannunta ta tashi. Ni na ɗaura mata ɗankwali.

Gidan ya cika maƙil, ba wurin sa ƙafa. Mu 'yan mata aka cusa mu ɗaki ɗaya da amarya, aka rufe taga don kada samari su leƙo. Ga zafi, ga hayaƙin turaren wuta, ga gumi, muna ta waƙa muna tafi muna shan ruwa da moɗa ɗaya. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Ji na yi kamar an dawo mana da duniya. Can aka ce ruwan lalle ya ƙare, aka aike ni in ɗauko wata ƙwarya a ɗakin da ke can ƙuryar gida. Na ɗaga labule na shiga. A kan tabarma na ga Talatu, yayar Asabe, wadda ta zo wankan jego. An lulluɓe ta da zane, kanta ya karkata baya, bakinta a buɗe, tana wani irin nishi. Na taɓa ganin irin wannan kwanciyar, na san ko mece ce.

Ban juya ba sai na ji an damƙi hannuna. Hajiya Kande ce, uwar amarya, hannayenta duk lalle, wanda yanzu ta gama shafa wa 'yan mata. Ta ce da ni a hankali, "Zazzaɓin jego ne. Kin ji ko? 'Yar Malam, in kika buɗe baki kin kashe auren ƙawarki. Jibi in an kai amarya za mu kai ta asibiti."

Na ce, "To, Hajiya."

Na ɗauki ƙwaryar na koma ɗakin. Rabi tana zaune gefen amarya ana sa mata lalle a tafin hannu, ta ɗago ta yi mini murmushi. Da na kama hannunta a lokacin na ce tashi mu tafi, da ta tashi. Ban yi ba. Na zauna, na ci gaba da tafi, har aka kira la'asar.

Talatu ta rasu washegarin kai amarya. Aka binne ta ba hayaniya, aka ce jego ne. Kwana huɗu bayan haka, ranar Laraba da safe, Rabi ta ce kanta kamar ana sara shi da gatari. Kafin rana ta ɗaga ta fara amai, Inna ta ce ta sunkuyar da kai ta kasa. Baba ya dube ta sau ɗaya ya fita da sauri, ni kuma na bi shi ba tare da ya ce in zo ba. Muka tarar da Alhaji Mamuda a ƙofar gidansa ana ɗora wa motarsa buhunan gero. Baba, wanda ban taɓa ganin ya roƙi kowa komai ba, ya tsaya ya ce, "Alhaji, don Allah don Annabi, yarinyata ce. Ka taimaka a kai ta asibitin Gwarzo."

Alhaji ya dubi motar, ya dubi Baba, ya ce, "Malam, ka ga an riga an yi lodi." Sai ya matso ya rage murya. "Kuma ka duba mana. Yau kasuwa. In aka ga an fita da mai sanƙarau a motata, kafin azahar an ce cutar ta dawo, a sake rufe mu. Ka ba ta rubutu tukuna, zuwa yamma in an tashi sai mu gani."

Baba ya juya. Ya je wurin wani maƙwabcinmu Bafulatani da ya daɗe da zama manomi, mutumin bai tambayi komai ba ya ɗaure shanunsa a amalanke. Muka shimfiɗa Rabi, na ɗora kanta a cinyata, Inna ta riƙe mana zane a sama saboda rana. Hanyar ta bi ta gefen kasuwa. Tana cike, kai ka ce jajibirin salla ne. Mahauta na kiran ciniki, ana tuyar ƙosai, wani na wasa da biri yara sun kewaye shi. Mutane suka riƙa kallonmu suna kawar da kai. Wata mata da na sani ta ce, "Sannu, zazzaɓi ne ko?" Ba tambaya take yi ba, so take a ce mata e.

Mun yi nisa, ba kowa sai ƙarar ƙafar amalanke, na kasa riƙewa. Na ce, "Baba, ni na kai ta gidan bikin. Kuma na ga Talatu a kwance, na san cutar ce, na yi shiru."

Yana tafiya a ƙasa gefen shanu. Ya yi taku da yawa bai juyo ba. Can ya ce, "Riƙe mata kai da kyau, akwai gargada a gaba." Bai ƙara tayar da zancen ba har ya bar duniya. Da ya zage ni, ko ya ɗauki bulala, da na samu sauƙi.

Sai da muka kai bakin titi muka sami motar da ta yarda ta ɗauke mu, muka isa asibiti rana ta karkata. Ɗakuna sun cika, marasa lafiya na kwance a gindin itatuwa, an rataya robar ƙarin ruwa a jikin rassa. Ma'aikatan idanunsu sun yi ja don rashin barci, amma ba su tsaya ba, nan take suka yi mata allura. Wanda ya duba ta ya tambayi tun yaushe ta fara. Da Baba ya faɗa, sai ya girgiza kai ya ce a cutar nan kowace sa'a tana da muhimmanci. Kwana tara muka yi. A na shida ta buɗe ido, Inna ta fashe da kuka tana kiran sunanta. Rabi ta dube ta, ta dube ni, ta ce da wata murya mai ƙarfi da ban san ta da ita ba, "Me ya sa kuke motsa baki ba kwa magana?"

Da muka dawo gida mun tarar an sake rufe kasuwa, wannan karon ba wanda ya yi gardama, don kusan kowane lungu akwai zaman makoki. Cikin 'yan matan da muka zauna a ɗakin lallen nan, huɗu ba su ga damina ba. Ruwan farko ya sauka sati uku da kwana kaɗan bayan taron ƙofar gidan dagaci, cutar ta ɗauke. Sati uku da kwana kaɗan, shi ne duk abin da Baba ya roƙa. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, ba wanda ya zo ya ce masa, Malam, mun yi kuskure. Ƙaddara, in ji su. Kowa ya ce ƙaddara, ya shafa fatiha, ya koma harkarsa. Rabi ta ci gaba da ɗaukar allonta na ɗan lokaci, tana karantawa, muryar tana hawa tana sauka inda bai kamata ba. Wata rana ta ga yara suna rufe baki suna dariya, ta wanke allon ta jingine.

Shekaru suka ja, Baba ya rasu, aka shigo zamanin da aka ƙaddamar da shari'a. Ba shari'a nake zargi ba, da Baba ya kai lokacin da ya fi kowa murna. Amma wa kuke tsammani aka sa gaba a kwamitin dattawan ƙauyenmu? Alhaji Mamuda, gemu ya yi fari, carbi har gwiwa. Rana ɗaya ya zaga gari ya ce daga yau ba kiɗa a biki, ba dandali, ba cakuɗa. Rana ɗaya tak, kowa ya bi, ba wanda ya ce yunwa, ba wanda ya ce har yaushe. Ashe ana iyawa. Ashe mutanen nan sun iya haƙura da biki in sun ga dama. Da aka ce su haƙura don ran 'ya'yansu ne abin ya gagara. Ya taɓa tare ni a hanya ya ce, "'Yar Malam, Allah ya jiƙan mahaifinki, mutum ne mai hangen nesa." Na tsaya na dube shi har ya kawar da kai. Ban ce amin ba, kuma shi ne karo ɗaya a rayuwata da aka yi wa ubana addu'a na ƙi amsawa.

Rabi ta yi aure ta haihu, mijin ya rasu, ta dawo muna zaune gida ɗaya. Duk tsawon shekarun nan ta san ni na ja ta gidan biki, amma ba ta san abin da na gani a ɗakin ƙurya ba. Bara, bayan na yi wata jinya da na ɗauka ba zan tashi ba, na ce ba zan je gaban Allah da wannan ba. Da yake tana karanta ajami, sai na sami takarda na rubuta mata komai, Talatu, da Hajiya Kande, da ƙwaryar, da yadda na dawo na zauna ina tafi. Na miƙa mata da hantsi tana ɓare gyaɗa a tsakar gida, na zauna a gabanta.

Ta karanta a hankali tana bi da yatsa. Ta kai ƙarshe ta koma farko. Ina jira ta ce ba komai, ta ce yarinta ce, ta ce ita ma da haka za ta yi. Ta ninke takardar ta ɗora a kan faifan, ta daɗe tana kallona. Sannan ta yi magana, da muryar nan tata da ba ta san ƙarfinta ba, har jikokinmu da ke wasa a soro suka yi tsit.

"Yaya, ni da na gani, da na faɗa."

Na kuwa san da ta faɗa.